Malama Kezia da Karkatacciyar Hula

Ƙarfe bakwai saura kwata keke napep ke sauke ta a ƙofar wata makarantar 'yan mata ta gwamnati a Bolori. Ta gaida maigadi da Kanuri, ta gaida mai ƙosai da Hausa, ta wuce ofishin malamai ko leƙawa ba ta yi. Sai ta bi baranda har ƙarshe, inda akwai wani ɗan ɗaki da a da ake jibge karyayyun bencina a ciki. Ta buɗe, ta share, ta tokare ƙofar da rabin bulo don kada ta rufe. Benci ɗaya ne a ɗakin mai ƙafafu huɗu cif, kuma taga yake kallo. Daga jakarta ta fito da tsohon gwangwanin madara mai ɗauke da allurai da zare kala-kala, da fararen ƙyallayen hula waɗanda mai zane ya riga ya zana. Ta zauna a gefe guda, ta bar sauran bencin fili. Ta fara aiki ke nan.

Sunanta Malama Kezia, 'yar ƙasar Biu ce, kuma ƙarshen wannan zangon za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. A takarda, malamar girki da ɗinki ce. Shekara goma da suka wuce aka ɗora mata aikin ba ɗalibai shawara, don kowa ya ƙi karɓa: aiki ne da ba shi da ofis, ba shi da kujera mai juyawa, ba a kiran mai shi gaban taro. 'Yan makaranta, idan suna gabanta, sukan ce ɗakin hula. Idan sun ba ta baya, wasu sukan ce ɗakin mahaukata. Ta san duka sunayen biyu.

Abin da ke ɗaure kai game da matar nan shi ne, ba ta tambaya. Malamai da suka yi shekaru da ita sun ce ba su taɓa jin ta ce wa yarinya "me ke damunki?" ba. To ta yaya mutumin da ba ya tambaya ya fi kowa sanin abin da ke cikin yaran makaranta guda?

Ita ta ce ba a kwas ta koyo ba. A shekarun da mutanen Bama suka gudo, azuzuwan makarantar sun zama masaukinsu na wani lokaci. Ma'aikata kan zo da takarda da biro, su zauna gaban mace, su zuba mata ido, su ce ta faɗi abin da ya faru. Mace ta ce, "Alhamdu lillahi, lafiya lau." Amma da rana, idan matan suka jeru a inuwar darbejiya suna ɗinkin hula, kowace idonta na kan allura, sai maganar ta fito da kanta, wadda ko mijin mace bai taɓa ji ba. Malama Kezia ta zauna cikinsu ta koyi ɗinkin, ta kuma koyi wancan abin.

"Yarinya ba ta iya magana idan ana kallonta," in ji ta. "Ka ba ta abin da za ta kalla, kai ma ka kalli naka."

Labaran da ake bayarwa a kanta suna da yawa, amma na Muhsinat ne malamai suka fi komawa kai, don har yau ba su gama musu a kansa ba.

Muhsinat 'yar aji biyar ce, 'yar wani mai sayar da banda a Kasuwar Kifi ta Baga Road, ana ce masa Ba Madu. A Gwange suke zaune kafin ambaliyar da ta cinye gari, bayanta suka dawo Bolori. Abin da kowa ya sani shi ne kakarta, mahaifiyar Ba Madu, ta rasu a ruwan, kuma Muhsinat ce ke tare da ita. Ba wanda ya san fiye da haka. Da aka koma makaranta, yarinya ta dawo tsaf, tana rubutu, tana amsa tambaya. Sai dai wasu ranaku, ana tsakiyar darasi, ta miƙe zumbur ta tsallake benci ta fice da gudu, a same ta can jikin katanga tana rawar jiki. Ƙawayenta suka ce aljanu ne. Wasu malamai suka ce wayon gudun lissafi ne.

Malam Walid, malamin lissafi kuma mai ladabtarwa, shi ya kawo ta ɗakin ƙarshe, bulala a hammata. Shi da kansa yake ba da labarin yanzu, yana dariyar kansa.

"Malama, ga 'yarki. Karo na huɗu ke nan. Ko aljanu ne ko iya shege ne, ki tantance mana."

"Ni na ce maka an ba ni injin tantancewa? Ajiye bulalar a waje tukuna, Malam, ɗakin ba zai ɗauke mu mu huɗu ba."

Ta matsa, ta nuna wa yarinyar gefen benci, ta miƙa mata ƙyalle da allura. "Kin iya?" Muhsinat ta girgiza kai. "Madalla. Waɗanda suka iya sun fi ba ni wahala."

Washegari Malama Kezia ta yi abin da ya ba Malam Walid haushi: ta shigo ajinsa, ta zauna a bencin baya da ɗinkinta, kamar ɗaliba. Kwana uku tana zuwa. Ba allo take kallo ba, ba ma yarinyar ba. Saurare take. Ranar farko gari ya yi lumshi, ba abin da ya faru. Rana ta biyu rana ta buɗe sosai, kuma ƙarfe goma da 'yan mintoci ta ga kafaɗun Muhsinat sun ƙame tun kafin ta miƙe. A daidai lokacin, bayan taga, tankin ruwan makaranta ya cika. Famfon mai aiki da hasken rana ne, ba mai kashe shi, saboda haka duk ranar da aka yi rana sosai tanki kan cika ya yi ta kwarara daga sama a kan siminti, shaaa. Shekara da shekaru ake jin ƙarar nan, har kunnen kowa ya daina jin ta. Kunne ɗaya ne a ajin bai daina ba.

"Tanki?" in ji Malam Walid. "Duk wannan tashin hankalin, tanki?"

"Ba tanki take ji ba. Kai ne kake jin tanki."

Wata malama ta ce ita dai a ganinta a kira mai ruƙiyya. Malama Kezia, wadda Kirista ce, ba ta yi musu ba. Ta ce, "A yi mata addu'a, ni ma zan yi tawa. Amma a gaya wa maigadi ya riƙa kashe famfon ƙarfe tara da rabi."

An kashe famfo, amma yarinya ba ta koma aji ba. Kunya ta hana ta, don yara sun riga sun raɗa mata suna, kuma da ta doshi ƙofar ajin sai ƙafa ta ƙi. Saboda haka kullum ta zo da kayan makarantarta, ta wuce ɗakin ƙarshe, ta ɗauki hula. Malam Walid, wanda ya zo da bulala, shi ya koma kawo mata aikin lissafi da hannunsa. Sati biyu ba ta ce komai ba ban da gaisuwa. A sati na uku ta fara magana, idonta a kan allura. Me ta ce? Ba wanda ya sani. An tambayi Malama Kezia, an sake tambaya, shugabar makaranta ma ta tambaya. Amsarta ɗaya ce: "Ba maganata ba ce, ajiya aka ba ni."

Sati bakwai aka yi a haka, Ba Madu bai sani ba. A zatonsa 'yarsa tana aji. A kasuwa ya ji, daga bakin wani maƙwabcin rumfa da 'yarsa ke makarantar: ai Muhsinat ɗinka ɗakin mahaukata aka kai ta. Ranar Alhamis da hantsi sai ga shi, ƙanshin banda na bin babbar rigarsa, ya ce wa mai keke ya jira. Ya zo ya ɗauki 'yarsa ne. Ya riga ya yanke cewa ta bar boko, ta zauna gida wajen uwarta, kafin sunan ya bi ta har abada.

Muhsinat ta je ɗibar ruwa lokacin da ya iso. Malam Walid ne ya rako shi, ya tsaya a baranda, shi ya sa aka san yadda aka yi.

Malama Kezia ta gaishe shi da Kanuri: "Wushe, Ba Madu. Shigo, ga wuri."

"Ba zama na zo yi ba, Malama. Ni na kawo 'yata karatu, ko na kawo ta koyon hula? Idan hula ce, akwai mata goma a layinmu."

"Gaskiyarka."

"An ce kullum tana nan tana yi miki magana. Me take ce miki?"

"Wannan ba zan faɗa ba."

"Ni na haife ta!"

"Kai ka haife ta. Kuma da a ce abin da ta faɗa wani ne ke cutar da ita, ko ita ke shirin cutar da kanta, da ran nan ka gan ni a rumfarka. Ba haka ba ne. Abin da ta faɗa nata ne, ita za ta ba ka da bakinta. Amma akwai wanda yake naka na riƙe: cewa 'yarka ba ta da lafiya a zuciya. Wannan ya kamata ka sani tun sati na biyu, ban je ba. Tsoro na ji kada ka cire ta. Na yi maka laifi, ka yafe ni."

Malam Walid ya ce a nan mutumin ya rasa inda zai ajiye faɗan da ya zo da shi. Ya shirya wa musu, sai aka ba shi haƙuri. Amma bai sauko ba. Ya ce a kira ta kawai su tafi.

Sai Malama Kezia ta ɗauko hular da yarinyar ke ɗinkawa, wadda ta kusa kammala, ta miƙa masa. "Kafin ta zo, duba min wannan. Ku maza kun fi mu sanin hula."

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san Kanuri da hula. Tun kafin ya saya zai juya ta, ya shafa cikinta, ya gaya maka hannun da ya ɗinka mai natsuwa ne ko mai gaggawa. Ba Madu ya karɓa don kunya kawai, amma yatsunsa suka yi aikinsu. Ya yamutsa fuska.

"Wannan ai an ɓata ƙyalle. Dubi nan, an ja zare kamar ana faɗa da shi, har ya tattare. Wa ya yi wannan?"

"Nan aka fara. Ci gaba da juyawa."

Ya juya. Bayan ɗan taƙi, zaren ya tsinke a wurare uku, an ƙulla. Can gaba akwai wurin da aka soke allura sau da yawa a rami ɗaya. Daga nan ɗinki ya fara kwanciya kaɗan-kaɗan, ya sake ɗaurewa a wani wuri, ya sake saki. Wajen ƙarshe kuwa layuka sun jeru sumul, irin wanda ko a Bama ba za a raina ba. Ya zagaya hular sau biyu. A karo na biyu babban yatsansa ya tsaya a kan wurin da ya tattare, bai matsa ba.

"Hannu ɗaya ne?"

"Hannu ɗaya ne. Sati bakwai. Ban gaya maka komai ba, Ba Madu, kai ka karanta da kanka. Idan ka ɗauke ta yau, ban san daga ina za ta ci gaba ba, ko daga nan, ko daga can."

Ya zauna a bencin da ya ce ba zai zauna ba. Da ya yi magana, ba Malama Kezia yake kallo ba, hular yake kallo.

"Uwata ce ta tafi. Mutane suka yi ta zuwa yi mini gaisuwa, ni ina karɓa. Wallahi, Malama, ban taɓa tuna cewa ita ma a yi mata gaisuwa ba. Ko sau ɗaya ban tambaye ta ba. Tsoron amsar nake."

Nan Muhsinat ta shigo da buta a hannu, ta ga ubanta, ta ƙame. Malama Kezia ta miƙe, ta ce wai za ta duba maigadi ko ya kashe famfo, alhali sha ɗaya ta wuce. Ta fita, ta ja Malam Walid da ita har tsakiyar fili, ta bar ƙofar a tokare. Daga nesa abin da suka hango kawai shi ne uba da 'ya a benci ɗaya suna fuskantar taga, hula a tsakaninsu, ba mai kallon wani. Kusan awa guda. Mai keke ya gaji ya yi ta danna oda.

Ba Madu ya fito shi kaɗai, idanunsa jawur. Ya ce, "Idan an gama ta, tawa ce." Ya hau keke ya tafi. Yarinya ta tsaya har aka tashi.

Ba a nan ta warke ba, kuma Malama Kezia ba ta taɓa cewa allura da zare magani ne ba. Sati na gaba ita ta raka uba da 'ya asibiti wajen likitan da ya san irin wannan ciwo, kamar yadda ta saba raka duk wanda abinsa ya fi ƙarfin benci. Muhsinat ta koma aji da kaɗan-kaɗan, darasi ɗaya a rana, sannan biyu. Yanzu tana ajin ƙarshe, tana shirin jarrabawa. Hular kuwa an gama ta, an kai wa mai wanki ya sa mata sitaci ya buge, amma ba bugun da zai miƙar da gefen da ya tattare. A karkace take zama a kai. Ita Ba Madu ke sawa kasuwa, mutumin da a da ba ya fita sai da hula ta gani ta faɗa. 'Yan rumfa na tsokanarsa.

"Ba Madu, akuya ce ta tauna maka gefen hula?"

"Ku bar ta. Ku naku saya kuka yi."

Saura tambayar da malamai ke musu a kai, kuma tambaya ce da ba ta barin mai tunani ya huta. Sati bakwai aka ɓoye wa uba halin 'yarsa. Da a ce Malama Kezia ta je wurinsa a sati na biyu, lokacin da hula ba ta da komai sai tattararren gefe, me zai karanta a jikinta? Mai yiwuwa ya cire yarinyar a ranar. Ke nan jinkirin da ta kira laifi shi ne ya ba hula lokacin da za ta yi magana. To abu zai iya zama laifi kuma ya zama shi ya ceci mutum? Idan haka ne, a yaba ko a tsawata? Malam Walid na cewa dabara ce. Shugabar makaranta na cewa ganganci ne da Allah ya rufa wa asiri, kuma ta kafa doka: duk yarinyar da ta yi sati biyu a ɗakin, a sanar da gida. An kai wa Malama Kezia maganar, ana zaton za ta kare kanta. Sai ta ce dokar ta yi daidai.

"Don abu ya ƙare lafiya ba ya nufin na yi daidai. Uba ya ji labarin 'yarsa a kasuwa. Wannan ba zan so a yi wa kowa ba."

Wataƙila wannan ne ma babban dalilin jinjinar nan. Masu taimako suna da yawa a garinmu, amma ba kasafai ake samun mai taimakon da zai ce "na yi laifi" alhali kowa na tafa masa ba.

Malama Kezia, ke ce kika zauna a bayan aji kika saurari abin da yarinya ke ji, lokacin da kowa ke kallon abin da take yi. Ke ce kika karɓi ɗakin karyayyun bencina ba ki ce a canza miki ba. Uwar masu shiru, mai riƙon ajiya. 'Ya'yan Musulmi da na Kirista sun zauna a gefenki, ba wadda kika tambaya addininta kafin ki miƙa mata allura. Akwai mata a garin nan yau, wasu na jinya a asibiti, wasu na koyarwa, wasu na goyon 'ya'yansu a Limanti, da ke ɗauke da wata magana wadda mutum biyu kaɗai suka sani a duniya. Za ki koma gida da ita, ba za ta taɓa fita ba. Mun gode. Allah ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi, ya saka miki da abin da ba mu iya saka miki ba.

Sauran magana tamu ce, malamai da iyaye. Garin nan ya ga abin da ya gani, kuma yaran da suka gani suna zaune a azuzuwanmu da fararen hijabai, suna cewa lafiya lau. Ba kowa zai koyi ɗinkin hula ba, ba a kuma ce dole sai hula ba. Amma kafin malami ya ɗaga bulala kan yaron da ya fice da gudu, ya je ya zauna a bencin baya kwana biyu ya ji me ake ji daga can. Kafin uba ya ce 'yarsa ta canza, ya tuna ko ya taɓa yi mata gaisuwar abin da ya same su tare.

Malama Kezia ta ce gwangwanin madarar ba za ta tafi da shi ba, na ɗakin ne. Bencin ma na nan yana kallon taga. Ranar farko ta sabon zango, ƙarfe bakwai saura kwata, wata yarinya za ta bi barandar nan har ƙarshe don ta ga ko a buɗe yake. Rabin bulon yana bakin ƙofa. Saura wani cikinmu ya riga ta zuwa, ya buɗe, ya tokare.